Wa ke lissafa faɗuwar rana a cikin wayarka?

A Mabai, kamar sauran garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da azumi ya kama za ka ga matasa sun zuba wa waya ido suna jiran lokacin buɗa-baki. Wani lokaci waya biyu su saɓa, gardama ta tashi a ƙofar masallaci. To daga ina waɗannan alƙaluma ke fitowa?

Sanin inda rana ko wata za su tsaya a wata sa'a lissafi ne mai sarƙaƙiya, domin duniya ba ta juyawa daidai wa daida. Tana ɗan layi kamar katantanwar yara in ta fara gajiya, kuma zagaye ɗaya na wannan layin yana cin shekara kusan 26,000. Da kowane mai rubuta manhaja zai yi nasa lissafin daga tushe, da kurakurai sun yi yawa. Shi ya sa ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU, ta tanadi rumbun lissafi guda mai suna SOFA. Ya fito a 2001 da harshen kwamfuta na Fortran, aka ƙara na C a 2009, kuma kyauta ne. Mudu ɗaya ke nan ga dukan kasuwa. Manhajojin salla ba sa buƙatar wannan zurfin. Da yawansu na dogaro da lissafi mai sauƙi irin na littafin Jean Meeus na 1991, kuma ya wadatar.

Saboda haka saɓanin wayoyi ba kasafai yake zuwa daga sama ba, daga saiti yake. Wata manhaja tana sa alfijir sa'ad da rana take digiri 18 ƙarƙashin sararin gabas, ta Masar kuwa 19.5. Abin da ya fi damuna shi ne zaɓen gari. Kowane digiri ɗaya zuwa yamma yana jinkirta faɗuwar rana da minti huɗu, kuma Faskari ta fi digiri ɗaya yamma da Kano. Wanda ya bar wayarsa a kan Kano zai iya shan ruwa da sauran rana.

Ganin wata kuwa, sanarwar Sarkin Musulmi ake jira, ba ta waya ba. Amma kafin azumi mai zuwa, don Allah ka buɗe manhajarka ka duba wane gari ta ɗauka kake.