Idan Inbata Ta Ƙi Karɓar Wutar Nepa Ko Ta Janareta

Jama'a, a 'yan shekarun nan wutar sola ta shiga ƙauyukanmu sosai. Tun da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai ya yi tsada, mutane da yawa suka koma ga hasken rana. Yanzu za ka ga faifan sola a rufin mai cajin waya, da mai kemis, da gidan kallon ƙwallo, da masallaci, har da asibitin ƙauye inda ake ajiye allurar rigakafi a firji.

To amma ba kullum rana take fitowa tangaran ba. Da damina hadari kan rufe sama kwana biyu ko uku. Da hunturu kuma hazo da ƙura su rage mata ƙarfi. A irin wannan lokaci batir yakan yi ƙasa. Sai mai kaya ya ta da janareta, ko ya jira a kawo wutar Nepa, don ya cika batir. Ga janareta yana ta ruri, ga mai yana ƙonewa, amma batir bai ƙaru ba. Nan da nan sai a ce, "Ai inbata ta ƙone." A kwance ta, a kai ta birni, a biya kuɗin mota da na mai gyara. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau. Wutar da aka ba ta ce ba ta yarda da ita ba.

(Mun san an canja sunan Nepa tun 2005, kuma tun 2013 kamfanoni ne ke raba wuta, kamar KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa. Amma har gobe Nepa muke ce mata, don haka mu ma haka za mu kira ta a nan.)

Me inbata take dubawa?

Inbata ita ce akwatin nan da ke maƙale a bango kusa da batir. Tana ɗaukar wutar batir ta juya ta irin wadda fanka da talabijin suke sha. Tana kuma karɓar wuta daga waje ta zuba wa batir. A ƙarƙashinta akwai wurin da wayar Nepa ko ta janareta take shiga, an rubuta AC IN. Akwai kuma inda wuta take fita zuwa cikin gida, an rubuta AC OUT.

Halin inbata kamar na mai sayen hatsi ne a kasuwa. Ba ya karɓar buhu sai ya zura hannu ya duba. In ya ji danshi ko tsakuwa, sai ya ƙi. Ita ma kafin ta karɓi wuta sai ta auna abu biyu. Na farko ƙarfin wutar. Ana auna shi da bolt, a fuskar inbata ana rubuta V. Wutar ƙasarmu bolt 230 ce, a jikin wasu kaya za ka ga 220. Na biyu saurin bugawarta. Wutar Nepa tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa, shi ne ake rubuta 50 Hz. In ɗayan biyun nan ya kauce da yawa, inbata sai ta rufe ƙofa, don kada kayanka su ƙone.

Fara da duba fuskarta

Idan wuta ta zo, kada ka yi gaggawa. Inbata takan ɗan jira kafin ta karɓa. Ba ta minti ɗaya. Sannan ka danna maɓallin da ke nuna sama ko ƙasa, har ka ga inda aka rubuta INPUT. Karanta lambar da ke wurin.

In ka ga sifili, wato 0, to wutar ba ta ma iso ba. Laifin yana hanya. Duba makunnin da ke jikin janareta, ko ya faɗi. Duba cenj-oba, abin nan mai hannu da ake juyawa tsakanin Nepa da janareta. Duba bireka da ke tsakaninsa da inbata. Jona ƙwan lantarki a jikin janareta ka gani ko yana kawo haske, domin inji yana iya ruri alhali ba ya ba da wuta. Wasu inbatoci suna da ɗan maɓalli baƙi kusa da AC IN, wanda yake fitowa waje in kaya sun yi yawa. In ya fito, a danna shi ya koma. Bayan haka ka kashe komai ka bi waya da ido. Ɓera yakan ci waya. Kusar da ke riƙe waya takan yi sako-sako, wurin ya yi zafi ya yi baƙi. In ka ji warin ƙonewar roba, ka tsaya nan, aikin ya zama na mai wayarin.

In kuwa ka ga lamba, kamar 150 ko 210, to wuta ta iso, inbata ce ta ƙi ta.

Wutar Nepa mai rauni

Duk wanda gidansa ke nesa da taransifoma ya san irin wutar nan da ƙwai yake yin ja kamar garwashi, fanka tana juyawa da ƙyar. Irin wannan wuta tana iya sauka ƙasa da bolt 170.

A cikin inbata akwai saiti, kowane da lambarsa. A yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu, lamba 03 ita ce ke faɗa wa inbata irin wutar da za ta karɓa. In an sa ta a UPS, ba za ta karɓi wutar da ta gaza bolt 170 ba. In an sa ta a APL, za ta karɓa ko da ta sauka zuwa 90. Masu haɗa sola da yawa suna barin ta a UPS su tafi abinsu, ba su yi wa mai kaya bayani ba. Mayar da ita APL kawai yakan warware matsalar.

Sai dai a lura. In inbata ta karɓi wuta mai rauni, haka za ta wuce da ita cikin gida, ba ta ƙara mata ƙarfi. Firji ba ya son wannan, injinsa yana iya ƙonewa. Don haka mai firji ya cire shi tukuna, ko ya sa masa sitabilaiza.

Janareta

A nan matsalar ta fi yawa, kuma tana da alama da kowa zai iya ganewa. Za ka ji inbata ta yi ƙas, ta karɓi wuta. Sai muryar janareta ta canja, ya yi kamar zai mutu. Sai ta sake yin ƙas, ta saki. Janareta ya wartsake. Bayan ɗan lokaci ta sake kamawa, ya sake shaƙewa. Haka za su yi ta yi har mai ya ƙare. Ma'anar wannan ita ce an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Da zarar inbata ta fara jan wuta, janareta ya kasa, ƙarfinsa ya faɗi, ita kuma ta ga wutar ta lalace ta ƙi.

Bari mu yi lissafi, ba shi da wuya. A ce kana da batir biyu masu bolt 12 a jere. Sun zama bolt 24 ke nan. Yawan wutar da inbata take zuba wa batir ana auna shi da amfiya, ana rubuta A. Inbatoci da yawa suna zuwa daga kamfani an sa su a amfiya 30. To 24 sau 30 ya zama 720. Wato wat 720 take nema don caji kaɗai. In aka haɗa da abin da ke salwanta a hanya, ya kusa 900. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa mai da baƙin mai, wanda aka rubuta 950 a jikinsa, abin da yake bayarwa bai cika wuce wat 650 zuwa 800 ba. Ga kuma fanka da talabijin da wayoyin da ke caji, duk a kansa suke. Ina zai iya? Mai batir huɗu kuwa, bolt 48 ne, sau 30 ya zama wat 1,440.

Maganin shi ne a rage wa inbata ci. A yawancinsu lamba 11 ce ke riƙe da wannan. A sauke ta daga 30 zuwa 10. Yanzu 24 sau 10 ya zama 240, janareta ya samu sa'ida. Cajin zai ɗauki lokaci, amma zai shiga. A kuma kashe manyan kaya kamar dutsen guga da hita da injin jan ruwa. In an ga janareta bai ko tari ba, ana iya ƙarawa zuwa 20. Masu sana'ar sun ce a bar wa janareta sarari, ƙarfinsa ya ninka abin da ake ja sau ɗaya da rabi ko sau biyu.

Wani lokaci kuma janaretan ne ba shi da lafiya. Irin na gida sai ya juya sau 3,000 a minti ɗaya kafin ya ba da 50 Hz. In gudunsa ya ragu, lambar ta ragu. Wasu suna sa makaniki ya rage musu gudun inji wai don ya daina shan mai. Ƙwai zai kawo haske, amma inbata tana iya ƙi. In ka ji muryar inji tana hawa tana sauka, to kafireta ta yi datti, ko an manta cok a rufe, ko soson iska ya toshe da ƙurar hunturu, ko man ba shi da kyau. In murya daidai take amma bolt yana tsalle, makaniki ya duba burushi da ɗan abin nan mai daidaita wuta da ake kira AVR. Wasu inbatoci suna da GEN a lamba 03, an yi shi musamman don janareta. In taka tana da shi, a zaɓe shi.

A gaskiya akwai inbatar da ba za ta taɓa shiri da ƙaramin janaretan nan ba, ko me aka yi, domin wutarsa ba ta da tsabta. In ka gwada duk abin da muka faɗa ba ta karɓa ba, daina ƙona mai. Aro babba na maƙwabci ka gwada. In ta karɓi nasa, ka gane ba ita ce mai laifi ba.

Ta karɓa amma batir bai ƙaru ba

Wannan kuma saiti ne. Akwai inda ake faɗa wa inbata wanda zai yi wa batir caji. A wasu lamba 14 ce, a wasu 16. In an sa OSO, an ce mata sola kaɗai, ko janareta ya kwana yana aiki ba za ta ba batir komai ba. SNU shi ne sola da wutar waje tare. Haka kuma lamba 01. In tana SBU, inbata za ta ci gaba da shan batir ko da ga wutar Nepa, har sai ya sauka inda aka yanka mata. Mai son caji nan take ya mayar da ita UTI. A wasu an rubuta USB, amma ba ramin cajin waya ake nufi ba.

Haruffan nan ba su fi ƙarfin wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci ba. Ɗauki littafi da biro. Kafin ka canja kowace lamba, rubuta yadda ka same ta. Ka canja abu ɗaya, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Lambobi suna bambanta daga inbata zuwa inbata, don haka ka duba ɗan littafin da ya zo cikin kwalinta. Saitin da ya shafi irin batir da iyakar cajinsa kuwa, kada ka taɓa, kuskure a wurin yana kashe batir, kuma shi ne mafi tsada a kayan.

Abubuwan da suke kisa

Kada a ta da janareta a ɗaki, ko a zaure, ko a shago a rufe, ko da ana ruwa. Hayaƙinsa yana da guba wadda ba ta da wari. Tana sa barci, mutum ya wuce daga nan. An sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanya. A ajiye shi a fili, nesa da taga.

Kada a jona janareta a soket ɗin bango da waya mai kai biyu. Wutar za ta iya komawa kan layin Nepa ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya, kuma za ta shiga inbata ta ƙofar fita ta ƙone ta. Haka ma in aka sa wayar janareta a AC OUT maimakon AC IN. Wannan ita ce ƙonewa ta gaske, mai cin kuɗi.

Kada a buɗe cikin inbata. Ko an kashe ta, muddin da rana a sama faifan sola yana turo wuta, kuma a manyan haɗi tana kai bolt ɗari uku ko fiye. Kada a ajiye sifana ko wuƙa a kan batir.

In abin ya gagara, kafin ka kwance inbata ka buga wa wanda ya haɗa maka waya. Faɗa masa lambar da ka gani a INPUT, da ta Hz, da bolt ɗin batir. Faɗa masa girman janaretanka da abin da ke lamba 03 da 11. In akwai jan haske da wata lamba tana ƙyaftawa, karanta masa ita. In wayarka tana ɗaukar hoto, ɗauki fuskar inbata lokacin da janareta yake aiki ka aika masa.