Kiristocin Kano, Mu Duba Mudunmu

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi kira ga 'yan'uwana Kirista da ke shiga cikin birnin Kano neman abinci.

Sanin kowa ne majami'unmu suna Sabon Gari da sauran unguwannin waje. Abin ya samo asali tun 1900, lokacin da Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su. To amma kullum garin Allah ya waye sai ka ga Kirista suna bi ta Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa: nas-nas, makanikai, malaman makaranta, masu sarin kaya a Kurmi da Kasuwar Rimi. Mutumin Yakasai ko Madabo ba ya jin wa'azin fasto, bai kuma buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ko da yake tun 1932 aka fassara shi dukansa da Hausa. Abin da ya sani game da addininmu shi ne abin da ya gani a hannunmu ranar ciniki.

A nan gizo ke saƙa. Don Allah jama'a ku karanta littafin Annabi Amos, sura ta 8. Shi Amos makiyayi ne mutumin Tekowa, ya yi annabci zamanin Sarki Yerobowam na biyu, fiye da shekara 700 kafin haihuwar Almasihu. Mutanen da ya tsawata wa a wannan sura ba su fasa ibada ba, suna kiyaye Asabar sarai. Sai dai suna zaune wurin sujada hankalinsu na kasuwa, sun ƙosa ranar ta wuce su koma su tauye mudu, su ha'inci mutane a ma'auni, su sayar wa talaka har da ƙaiƙayi. A sura ta 5 Allah ya nuna ba ya karɓar idinsu, balle waƙoƙinsu.

Shin mun bambanta da su? Makaniken da zai cire wa Alhaji sabon ƙarfe ya maye masa da tsoho, ran Lahadi shi ne a sahun gaba da zakarsa a ambulan. Mai shagon da ya san maganin nan jabu ne, ya miƙa wa uwa ta kai wa ɗanta mai zazzaɓi, matarsa ce shugabar zumuntar mata. Wani ma har ya ce ai cutar wanda ba namu ba ba laifi ba ne. Haba jama'a! A wace sura aka rubuta haka? Hananiya da Safiratu, cikin Ayyukan Manzanni sura ta 5, baiko ma suka kawo daga kuɗin gonarsu, ƙarya a kan adadin kuɗin ce ta kashe su nan take.

Na san wasu za su ce ai Musulmi ma suna algus. Gaskiya ne, kuma malamansu na karanta musu Suratul Muɗaffifina a kan haka. Wannan tsakaninsu ne da Mahaliccinsu. Bulus kuwa kanmu ya ce mu gwada, a 2 Korintiyawa 13:5, bai ce mu gwada maƙwabci ba.

Duk wanda ya ga rikicin Oktoba 1991, lokacin zuwan Reinhard Bonnke, ya san zaman garin nan sai da lallami. Bayan ƙura ta lafa, cikin abin da ya maido da mutane shagunan juna har da bashin da aka biya da ajiyar da aka mayar wa mai ita.

Don haka ina roƙon fastocinmu na ECWA, da Angilikan, da Katolika da sauransu, a riƙa tambayar mai kawo zakka yadda ya samo ta. A keɓe ko da Lahadi ɗaya ce a wata, a yi wa'azi a kan mudu da sikeli da cika alkawari, a kuma nemi wanda ya ci haƙƙin wani a cikin birni ya je ya mayar kafin ya zo cin Jibin Ubangiji.



Wani mai karatu,
Sabon Gari, Kano.