TITANIYOM: ƘARFEN DA KE RAGE NAUYIN BINDIGA, DA ABIN DA MAƘERANMU ZA SU KOYA DAGA GARE SHI

Garin Bune, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, tsohon mazaunin sarakunan Muniyo ne, kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa ta cikinsa a watan Disamba na 1852 kan hanyarsa ta zuwa Zinder. Ƙasa ce ta tuddan rairayi da kwaruruka masu dabino da kanwa. Duk wanda ya taɓa saɓa bindiga ya taka wannan rairayi tun hantsi har la'asar ya san cewa kaya ba ya nuna nauyinsa sai tafiya ta yi nisa. Wannan kuka na maharba ba a nan kaɗai ake yin sa ba. A Amurka da Turai, masu hawa duwatsu neman ragunan daji sun daɗe suna matsa wa maƙeransu su rage masu nauyi, har maƙeran suka koma ga wani ƙarfe da ake kira titaniyom.

Asalin ƙarfen

A 1791 ne wani limamin Kirista mai suna William Gregor ya gano shi cikin baƙin yashi a yankin Cornwall na Ingila, sannan a 1795 Bajamushe Martin Klaproth ya raɗa masa suna. Amma tace shi ya gagari masana fiye da shekara 100. Sai a 1910 Matthew Hunter ya samu tsantsarsa, kuma hanyar da masana'antu ke bi yau ita ce wadda William Kroll, mutumin Luksambur, ya fito da ita wajen 1940. Afirka ta Yamma ma tana da tamarsa: ana haƙo ta a Saliyo, haka kuma a gaɓar tekun Senegal tun 2014. Mafi yawan wannan tama farin fenti ake yi da ita, kaɗan ne ake mayarwa ƙarfe domin jiragen sama da kusoshin da likitoci ke ɗaure karaya da su.

Abin da ya sa ake son sa a fili yake. Ƙarfen da girmansa zai auna kilo 1 in baƙin ƙarfe ne, gram 570 kawai zai auna in titaniyom ne. Ba ya tsatsa, ko da ruwan gishiri ya taɓa shi. In aka gauraya kashi 90 cikin 100 nasa da kashi 6 na alminiyom da kashi 4 na banadiyom, sai a samu ƙarfe mai ƙarfi kamar baƙin ƙarfe na ƙwarai.

Ina ake sa shi a jikin bindiga?

Bindigar zamani kashi uku ce: bututu, da ƙota, da uwar bindiga, wato akwatin da ke tsakiya inda ake ɗaura bututu, inda kuma sakata ke kai da kawowa tana tura harsashi tana kulle shi. Wannan uwar ce ake yi da titaniyom. A 2001 kamfanin Remington na Amurka ya fito da samfurin Model 700 mai uwar titaniyom, nauyinta wajen kilo 2 da rabi, alhali irinta ta baƙin ƙarfe ta haura kilo 3. Sai dai mai karatu ya lura: ba dukan ragin nan ne ya fito daga titaniyom ba. An sirantar da bututu, an kuma yi ƙota da roba mara nauyi. Abin da uwar kanta ke ragewa bai kai rabin kilo ba.

Dalili kuwa shi ne akwai wuraren da ƙwararru ba su yarda su sa shi. Titaniyom ba ya son guga: in ya riƙa gogar ɗan'uwansa sai ya kama yana ciccije shi, shi ya sa galibi ake barin sakata ta baƙin ƙarfe. Bututu ma haka, domin wutar albarushi da gudun harsashi suna saurin cinye cikinsa in titaniyom ne. Bugu da ƙari ya fi baƙin ƙarfe tanƙwaruwa kusan ninki biyu, don haka dole a bar masa kauri. Ga kuma wani biyan bashi da ba makawa: iyakar rashin nauyin bindiga, iyakar ƙarfin naushinta a kafaɗa, da wuyar tsayar da ita a kan saiti. Kuɗinta ma ya zarce na saura nesa, saboda titaniyom yana dakusar da kayan yanka, kuma sai a hankali injin ke sassaƙa shi.

Me ya sa maƙera ba za ta iya da shi ba?

Ƙira ba baƙuwa ba ce a Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, cikin rabi na biyu na ƙarni na 19, an zuba igwa an kuma daka albarushi a birnin Zinder. Har yau maƙeri a Bune ko Gure zai ɗauki tsohon sifirin mota ya fitar da gatari ko hauya da za su shekara goma suna aiki. To amma titaniyom ba ya jin zugazugi. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,668, kuma tun kafin nan, da ya yi ja a wuta sai ya riƙa shan iska, ya bushe, ya zama mai saurin tsagewa. Saboda haka a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska ake narka shi, waldarsa kuma sai an lulluɓe shi da iskar argon. Ɓarɓashinsa ma yana kama wuta, wutar da ruwa ba ya kashe ta yadda ya kamata. Gawayi da masaba da uwar maƙera ba su da abin yi a nan, kuma wannan ba kasawar maƙeri ba ce, halin ƙarfen ke nan.

Inda haɗarin yake

Darasin da ya shafe mu shi ne wannan: mutanen da ke da injuna da awo da dukiya, duk son su da rage nauyi, ba su taɓa wurin da wuta ke tashi. Harsashin zamani in ya tashi yana danna cikin bututu da ƙarfin da ya kai tan 4 a kan wuri mai faɗin farce. Shi ya sa a Turai aka kafa gidajen gwajin bindigogi, a Liyej ta Beljiyam tun 1672, a Santetiyan ta Faransa a 1782, a Barmingam ta Ingila a 1813. A can ake ɗura wa kowane bututu fiye da kima a harba shi, sai ya jure a buga masa hatimi.

Bindigar toka da ake ƙerawa a karkara ba ta ratsa irin wannan gwaji. Sau da yawa bututunta na famfo ne, mai ɗinki a tsawonsa, wanda ruwa aka yi shi ya ɗauka. In aka ƙara da goge shi da magagari don ya yi sauƙin saɓawa, ko tsatsa ta ci shi ta ciki, ko aka zuba masa garin harsashin zamani a madadin albarushin gargajiya, to an haɗa abin da zai tarwatse a hannu. Yatsu da idanu ne ke biya, kuma daga ƙauyukan Bune zuwa babban asibitin Zinder tafiya ce mai nisa ga mai zubar jini. Abin takaici, wataƙila a ɗakin fiɗa ne mai wannan rauni zai fara haɗuwa da titaniyom, a matsayin kusa cikin ƙashinsa.

Kada kuma a manta da doka. Farauta a ƙasarmu tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 akwai hukumar ƙasa mai tattara makaman da ake riƙe da su ba bisa ƙa'ida ba. Namun dajin ma sun yi ƙaranci, har aka keɓe gandun Termit da Tin Tumma a 2012 domin ceton abin da ya rage.

Saboda haka muna kira ga sarakunan maƙera da shugabannin maharba na Muniyo da sauran sassan ƙasa: duk maƙerin da aka zo wa da buƙatar ya sirantar da bututu, ya ƙi, ko nawa aka ba shi. Wanda nauyi ya dama ya nemi maratayi mai faɗi na fata, ko ya rage kayan da ke cikin burgaminsa. Gajiyar kafaɗa barci ɗaya ke warkar da ita, hannun da ya tafi kuwa ba ya dawowa.