Sanin Cuta Daban, Yarda da Mai Faɗa Daban

A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya. A makon nan ne dubban masunta suka auka kogin Matan Fada da homa da gora, kafaɗa da kafaɗa, domin bikin kamun kifi na Argungu da aka farfaɗo da shi bayan kusan shekara goma, har Shugaba Buhari ya halarta. Ba jahilci ya tara su ba. Tun 27 ga Fabrairu aka samu mai cutar a Legas, rediyo kuwa bai huta ba. Ko a ƙarshen Afrilu da ta ɓulla a Kebbi, da wuya ka samu ɗan kasuwa a Birnin Kebbi da bai ji batun takunkumi da wanke hannu da ba da tazara ba. Ji ya ji, yarda ce bai yi ba: «cutar masu hawa jirgi ce».

Wannan shakka tana da tushe, kuma raina ta kuskure ne. Arewa ba ta manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Abin da ya juya lamarin ba ƙarin tallan rediyo ba ne. Sarakuna da hakimai da limamai ne suka shiga gida-gida, wasu suka ɗiga wa 'ya'yansu maganin a bainar jama'a, kuma Sarkin Kabin Argungu, Sama'ila Muhammad Mera, ya kasance cikin jagororin kwamitin sarakunan Arewa kan wannan aiki. A Agusta 2020 aka tabbatar da kawar da shan inna na asali daga Afirka. Mutum yana karɓar umarni mai wuya daga wanda zai haɗu da shi gobe a masallaci. Sai dai yarda ma tana da iyaka: wanda sai ya fita fadama ko kasuwa za a ɗora tukunya a gidansa ba zai zauna a ɗaka da yunwa don gudun korona ba, ko wa ya roƙe shi.

Wani zai ce ai masu musun sun yi gaskiya, tunda korona ba ta yi mana ɓarnar da ta yi wa Italiya ba. Gwaji kaɗan aka yi, abin da ba a gwada ba kuwa ba ya shiga lissafi. A Kano ma'aikatar lafiya ta tarayya ta bincika mutuwar kusan mutum 1,000 a Afrilu 2020, ta ce mai yiwuwa rabi ko fiye korona ce sanadi. Kuma kwarin Rima yana da nasa baƙin na kowace shekara, sanƙarau da bazara, kwalara da damina idan ruwa ya yi ambaliya ya shiga rijiyoyi. Garin da ya saba ɓoye mara lafiya don gudun killacewa a 2020 zai ɓoye mai amai da gudawa, wanda ruwan gishiri da sukari da kai shi asibiti da wuri za su iya cetowa.