Abin da ke hana tsohuwar kwamfuta ganin faifan CD, da yadda ake magance shi

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa 'yan Najeriya damar neman bayanan hukuma. Sai dai damar ba ta da amfani idan bayanan na cikin faifan CD da tsohuwar manhaja kaɗai ke iya buɗewa, ita kuma manhajar ba ta aiki sai a kwamfuta mai tsarin MS-DOS.

Shi wannan tsari ba ya gane na'urar karanta faifai da kansa. Sai an ɗora masa ƙananan manhajoji biyu. Ta farko ita ce direba, wadda ke yin tafinta tsakanin kwamfuta da na'urar. Fitacciya a cikinsu ita ce OAKCDROM.SYS, kuma ana rubuta umarnin ɗora ta a fayil ɗin CONFIG.SYS, tare da laƙaba wa na'urar suna, misali MSCD001.

Ta biyu ita ce MSCDEX.EXE, wadda Microsoft ya haɗa cikin MS-DOS 6.0 a 1993. Ana sanya ta a AUTOEXEC.BAT, kuma ita ke bai wa na'urar harafi kamar D:. Wajibi ne sunan ya zama iri ɗaya a fayilolin biyu, domin saɓanin harafi guda kan hana faifan bayyana bayan an sake kunna kwamfutar.

Da zarar faifan ya buɗe, abin da ya fi gaggawa shi ne kwafe bayanan zuwa ma'ajiya ta zamani. Faifai na lalacewa da zafi da ƙarzuwa, kuma shaidar da ta salwanta ba ta tuhumar kowa.