Lambun Hunturu da Littattafan Turai

'Yan'uwa manoma, Allah ya ba mu wata baiwa a ƙasar Filato, wato sanyi. Birnin Jos yana bisa tudu mai tsawon wajen ƙafa 4,000 daga bakin teku. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dare yakan yi sanyi ƙwarai, kuma lokacin ne kabeji da karas da latas da dankalin Turawa suke jin daɗi. Shi ya sa lambun bayan gida yake iya ciyar da iyali da rani, har a sami na kai wa kasuwa.

To, waɗannan kayan lambu ta hannun Turawa suka zo mana, haka kuma yawancin littattafan da suke koyar da nomansu. A nan ne tuntuɓe yake. An rubuta su domin ƙasashe kamar Ingila, inda ƙasa take daskarewa a Disamba da Janairu. Littafin yakan ce a shuka latas a Maris ko Afrilu, gama a can lokacin ne sanyi yake saki. A wurinmu kuwa watannin zafi ke nan. Latas ɗin da aka shuka a lokacin sai ya yi tsawo, ya fid da fure, ganyensa ya yi ɗaci.

Albasa ma haka take. A Ingila yini yakan wuce awa 16 a watan Yuni, albasarsu kuwa ba ta yin kai sai yini ya kai awa 14 ko fiye. Yininmu ba ya nisa da awa 12 duk shekara. Ƙungiyar da ta sayi irin wannan iri, ganye kawai za ta samu, kuɗin 'yan'uwa kuma sun tafi. Sai mu nemi irin albasar da aka saba nomawa a Nijeriya.

Ba mu ce a jefar da littattafan ba. Abin da suke koyarwa a kan haɗa takin gargajiya, da tazarar shuka, da canza wurin kowane amfani shekara-shekara, duk daidai ne. Sunan wata ne kaɗai ba namu ba. In littafi ya faɗi wata, mu tambaya: sanyi wannan shuka take so, ko zafi?

Ga abin da ya dace da mu. A yafa irin kabeji a fangali da ƙarewar damina, a dasa bayan mako 4 zuwa 6, da tazarar inci 18. Karas ba ya son dashe, a shuka shi inda zai girma. A kafa zana ta gabas da arewa domin tare iskar hunturu, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin shuka don kada ruwa ya bushe da wuri.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta nemi takardun Hausa na masu binciken aikin gona da ke Samaru, Zariya, ta hannun malamin gona. Sa'an nan magatakarda ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta sunan iri, da ranar shuka, da ranar girbi, da abin da aka samu. Bayan shekara uku kowace ikilisiya za ta mallaki littafin lambun da ya san ƙasarta. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanmu.