Wa Zai Riƙe Dukiyar Marayu? Aikin Da Ke Kan Iyaye A Ƙasar Gumel

Sanin kowa ne cewa kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Amma yawancin cinikin da ake ƙullawa a can a baka ake yinsa, bisa amana. Falke yakan bar shanunsa kiwo a hannun makiyayi a ƙasar Damagaram, kuɗinsa a wurin dillali, gonarsa kuma tana jingina a Gagarawa ko Sule Tankarkar, alhali kuwa ba wanda ya san lissafin sai shi kaɗai. To, ran da ta Allah ta kasance, ga 'ya'ya ƙanana, wa zai tattaro musu haƙƙinsu?

Tun daga shekarar 2000 kotunan Shari'a ne ke rabon gadon Musulmi a Jihar Jigawa, bisa mazhabar Malikiyya. Akan fara da hidimar jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, kana a raba saura ga magada. Sai dai alƙali ba ya raba abin da ba a kawo gabansa ba. Saniyar da ba shaida a kanta, da bashin da ba a rubuta ba, sau da yawa tare da mamaci ake binne su.

Saboda haka abu na farko shi ne uba ya rubuta abin da ya mallaka, da wanda yake bi, da wanda ake binsa, ya kafa shaidu biyu adalai. Wasiyyar kyauta ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada.

Na biyu, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne naɗa wasiyyi, watau amintaccen da zai riƙe rabon yara har su girma. Reno dabam, riƙon dukiya dabam. Reno haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. Riƙon dukiya kuwa na wanda uba ya naɗa ne, in bai naɗa ba sai alƙali ya zaɓa. Zama baffa ko babban wa kaɗai ba ya ba mutum wannan iko. Wasiyyi zai ciyar da yara, ya biya kuɗin makaranta, ya fitar da zakka, yana kuma iya juya dukiyar don kada ta ƙare, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi horo. Suratun Nisa'i ta yi umurni a miƙa wa maraya kayansa gaban shaidu, bayan ya balaga an kuma ga ya iya riƙon dukiya.

Ma'aikata su ma su yi hattara. Wanda aka rubuta sunansa a takardar ofis a matsayin makusanci ba shi ne mai kuɗin ba, wakili ne kurum, kuɗin kuwa na magada ne duka. Dokar fansho ta 2014, wadda ta shafi ma'aikatan Tarayya irin su kwastan da ke bakin iyaka, ta wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Iyalin da ba su san da ita ba, yaya za su neme ta?

Wasu na ganin rubuta wasiyya kamar kiran ajali ne. Ba haka ba ne, gama wasiyya ba ta kisa, rashinta ne ke raba zumunci, ya fid da yaro daga makaranta. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.